Taura Biyu a Baki Ɗaya

A can ƙasan durowar teburina na ofis, ƙarƙashin tarin takardun gwajin da masu su ba su taɓa zuwa karɓa ba, akwai waɗansu takardu guda biyu da na maƙale wuri ɗaya. Ta farko hoton wata tsohuwar takarda ce wadda aka cika da fensir, aka goge, aka sake cikawa, har wani wurin ya huje don yawan guga. Ta biyu kuwa ni na cika ta da hannuna a watan Janairu na shekarar 2015. Duka biyun bayanin mutum ɗaya suke ɗauke da shi, mutumin da ba a taɓa haihuwarsa ba, amma wanda na shafe makonni uku ina kwana ina tashi da tunaninsa, a daidai lokacin da ya kamata in mayar da hankali ga babi na huɗu na kundin digirina na uku. Labarin yadda takarda ta farko ta zama ta biyu nake son in ba mai karatu.

A shekarar 2012 na tafi karatu wani gari da ke arewacin Ingila, na kama hayar ɗaki a saman gidan wani dattijo wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Wanda bai taɓa cin hunturu a wannan ƙasa ba ba zai gane irin kaɗaicin da ke sauka a zuciyar baƙo ba idan rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu. Daga laburare sai ɗaki, daga ɗaki sai laburare. Abu ɗaya ne ke karya shirun gidan: kowace ranar Alhamis da dare sai in ji mutane sun taru a kicin, ana dariya, ana musu, ana jefa wani abu a kan tebur yana gangarawa. Da farko na ɗauka caca suke yi, don haka na kame kaina. Sai wani dare da na sauko ɗibar ruwan zafi, dattijon ya ja wata kujera ya ce, "Zauna, samari, ka ji abin da muke yi, in bai yi maka ba ga ƙofa nan."

Wasan da suke yi shi ne Dungeons & Dragons, wanda waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar a shekarar 1974 ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Hanya mafi sauƙi da zan bayyana shi ga Bahaushe ita ce in ce tatsuniya ce wadda masu sauraro suka ƙi yin shiru. Mutum ɗaya ne ke riƙe da duniyar labarin, shi ke faɗin abin da ke bayan ƙofa da abin da sarki ya ce, ni kuwa a raina na laƙaba masa suna madugu. Sauran kowa na riƙe da tauraro guda, shi ke magana da bakinsa, shi ke yanke masa shawara. Idan tauraro ya ƙuduri yin abin da ke iya yiwuwa ko ya gagara, sai a jefa ɗan lido, galibi wani mai fuska 20, ƙa'idojin da ke cikin littafi su fassara abin da lambar take nufi. Kowane tauraro yana da takardarsa, inda aka rubuta siffofinsa shida da lambobi, wato ƙarfi da zafin nama da juriya da basira da hikima da kwarjini, sa'an nan sana'arsa, ko mayaƙi ko masihirci ko ɓarawo ko limamin wani abin bauta na cikin labarin, da kuma matakin da ya kai a sana'ar.

Na san wani zai ɗaga gira da ya ji an ambaci sihiri. Ba mu kaɗai ke ɗaga girar ba, domin a shekarun 1980 iyaye da masu wa'azi a Amurka sun tasa wasan gaba, har ya sa da aka yi bugu na biyu na manyan ƙa'idojin a 1989 aka sauya wa shaiɗanun cikinsa suna. Ni dai abin da na gani a kicin ɗin fensir ne da takarda da butar shayi, kuma sihirin bai wuce irin wanda muke koyar wa ɗalibai a cikin Ganɗoki ko Iliya Ɗan Maiƙarfi ba.

Wannan bugu na 1989 shi mutanen gidan suke bi tun shekarar 1991, ba su taɓa kauce masa ba, duk da cewa kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000 da na huɗu a 2008. Su huɗu ne: madugu, wato mai gidana, wani tsohon direban jirgin ƙasa, wata ma'aikaciyar jinya, da 'yar madugu, wadda ta taso tana jin wasan daga ƙarƙashin tebur har ta girma ta samu kujera. Kujera ta biyar, wadda aka ja mini, ta ƙanen madugu ce, wanda ya rasu a 2010. Ban san haka ba sai da na yi wata uku ina zama a kanta.

Da suka ga na saba, sai madugu ya buɗe wani fayil ya zaro takardar tauraron ƙanen nasa, ya ce in riƙe shi aro. Sunan tauraron na gidan ne, can zan bar shi. Ni a zuciyata Mai-taura-biyu nake kiransa. Ɗan jinsin elf ne, waɗansu halittu masu tsawon rai da siririn jiki da ke yawan fitowa a labaran Turawa, kuma sana'a biyu yake yi a lokaci guda, mayaƙi ne kuma masihirci. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to amma tsohuwar dokar wasan ta yarda a tauna, sai dai da sharaɗi. A nan dole in ɗan tsaya a kan lissafi, domin duk rigimar da ta biyo baya a cikinsa take.

A bugu na biyu, tauraro na samun maki a duk lokacin da ya tsallake wani haɗari, idan makin ya kai wani adadi sai ya hau mataki na gaba. Kowace sana'a da nata tsanin. Mayaƙi na bukatar maki 2,000 ya kai mataki na 2, sai 4,000, sai 8,000, haka adadin ke ninkuwa har ya kai 250,000 a mataki na 9. Masihirci kuwa da 2,500 yake farawa, ya isa mataki na 10 da maki 250,000. Wanda ya haɗa sana'a biyu, sai a raba duk makin da ya samu gida biyu daidai, kowace sana'a ta ɗauki rabi. Mai karatu zai zaci wannan zai mayar da shi baya ƙwarai. Ba haka ba ne, kuma dalilin shi ne ninkuwar nan: tun da kusan kowane mataki ninkin na bayansa ne, rabin maki ba ya nufin rabin matakai, abin da yake nufi kawai shi ne a rage wa mutum mataki ɗaya ko makamancin haka. Mai-taura-biyu yana da maki wajen 520,000, wato 260,000 a kowane ɓangare, saboda haka yana mataki na 9 a yaƙi, na 10 a sihiri. Tauraron direban jirgi, wanda mutum ne zalla kuma mayaƙi zalla, da kusan wannan adadi yana mataki na 10 ne kurum. Ke nan elf ɗin ya kusan kamo shi a takobi, ga kuma sihirin da wancan ba shi da ko ƙwayarsa.

Ina sharaɗin? Na farko, 'yan Adam ba su da wannan dama. Ta elf ce da wadanni da ire-irensu. Mutum in yana son sana'a ta biyu sai ya ajiye ta farko gaba ɗaya, ya koma mataki na 1 a sabuwar, kuma sai yana da aƙalla 15 a siffar da tsohuwar sana'ar ke bukata da 17 a ta sabuwar. Na biyu, an yi wa waɗannan jinsuna rufi: elf ba ya wuce mataki na 12 a yaƙi ko na 15 a sihiri, alhali mutum ba shi da iyaka. Na uku, wanda ya fi shafar halin tauraronmu, shi ne makin rai, wato yawan saran da jiki zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Mayaƙi ɗan lido mai fuska 10 yake jefawa a kowane mataki, masihirci mai fuska 4, amma mai sana'a biyu duk abin da ya jefa sai an raba shi biyu. A kan tsohuwar takardar, a wurin da ya huje, an rubuta 41. Mayaƙin direba yana da fiye da ninkin haka. Ga shi kuma masihirci ba ya iya aiki da sulke a jikinsa, in ban da wani lallausan sulken zobba na ƙirar elf, wanda marigayin ya yi shekaru yana nema a cikin labarin kafin ya samu.

Shekara biyu na yi ina riƙe da shi, kuma a hankali na gane cewa ba ni kaɗai ke motsa shi ba. Idan na sa shi ya kutsa gaba, sai in ga ma'aikaciyar jinya ta dubi madugu. Ashe marigayin bai taɓa shiga ɗaki a gaba ba. Kullum na uku yake a layi, yana ƙirga ƙofofi, yana tambayar inda za a bi a gudu. Sun ɗauki wannan a matsayin halinsa, mutum mai taka-tsantsan da baƙar magana. Ni da nake kallon takardar da idon baƙo, na ga cewa halin daga lambar nan 41 ya tsiro. Mun sha gaya wa ɗalibai a aji cewa tauraro a ƙagaggen labari abin da yake aikatawa ne ke siffanta shi, amma ban taɓa ganin inda rauni ya haifi hali ƙarara kamar a kan teburin nan ba.

Akwai kuma labarin katanga. Sihirce-sihircen wasan an kasa su daraja tara, masihirci kuwa ba ya kai wa daraja ta biyar sai ya hau mataki na 9. Daga cikin na daraja ta biyar akwai wanda ke tayar da katangar da ido ba ya gani, wadda wuta ko takobi ba sa ratsawa. A wani dare na shekarar 2003, cikin wani kogo, wani katon dodo mai aman wuta ya ritsa su, kowa ya sallama, sai marigayin ya tayar da katangar a bakin kogon ana saura ƙiris. Na ji labarin nan ya fi sau goma, kowa da yadda yake ba da shi, kuma duk lokacin da aka zo wurin katangar sai madugu ya tashi ya ɗora buta a wuta.

A watan Agusta na 2014 littafin 'yan wasa na bugu na biyar ya fito, littafin madugu ya biyo baya a watan Disamba. 'Yar madugu ce ta kawo su gidan. Hujjarta mai ƙarfi ce: tsofaffin littattafansu sun yayyage, idon mahaifinta ya fara gajiya da jadawalin tsohuwar doka, inda lambar sulke take ƙara kyau idan ta yi ƙasa har ta wuce sifiri, ga kuma ƙawarta da ke son shiga wasan amma lissafin ya kore ta. "Baba," in ji ta, "in ba mu canza ba, daga kanmu wasan nan zai ƙare a gidan nan." Bayan musu na makonni aka yarda. Kowa zai juya tauraronsa zuwa sabuwar doka. Direba ya gama nasa kafin shayinsa ya huce: mayaƙi mataki na 10 ya zama mayaƙi mataki na 10. Ni kuwa madugu ya miƙo mini fayil ɗin ya ce, "Kai ne masanin fassara, kai za ka yi wannan. Ni hannuna ba zai iya ba."

Matsalar ita ce sabuwar doka ba ta san irin wannan halitta ba. Tun daga bugu na uku aka rushe tsarin hawa tsani biyu a lokaci guda. Tsani ɗaya ne ga kowa, mai matakai 20, kuma duk matakin da ka hau sai ka zaɓi sana'ar da za ka zuba shi a ciki. Wanda ya zuba biyar a yaƙi, huɗu a sihiri, tauraro ne mai mataki na 9, ba wani abu ba. An cire rufin da aka yi wa elf, an buɗe ƙofa ga 'yan Adam, sharaɗin kawai mutum ya kasance da 13 a siffar da kowace sana'ar ke bukata. Adalci ne, ban musa ba. Amma ma'anarsa ita ce kuɗin da tsohuwar doka ta jinkirta karɓa sai ƙarshen tafiya, sabuwar a bakin ƙofa take karɓarsa. In na haɗa 9 da 10 na ce Mai-taura-biyu yana mataki na 19, to ya zama basarake a tsakiyar talakawa, domin sauran duk a 10 suke. In kuma na ce shi ma 10 ne, biyar nan biyar can, to na mayar da gwani ɗan koyo a sana'a biyu.

Direba ne ya tono wani ɗan ƙaramin littafi da kamfanin ya fitar a 2000 don masu ƙaura daga bugu na biyu zuwa na uku. Ba don bugu na biyar aka yi shi ba, amma dabarar da ke ciki ta yi mana: a ɗauki matakin da ya fi girma, a raba ɗayan gida uku, a haɗa. 10 da 3, ya ba da 13. Aka amince da 13, ko da yake direba ya yi ta gunaguni cewa elf ya sake cin bulus kamar yadda ya saba tun 1991.

Da na hau ɗaki na zauna raba 13 ɗin, a nan na ga ramin da ke gabana. A sabuwar doka mayaƙi ba ya samun sara biyu a zagaye ɗaya sai a mataki na 5. Masihirci ba ya samun sihiri mai daraja ta biyar sai a mataki na 9. Biyar da tara, 14 ke nan. Ni kuwa 13 gare ni. Idan na ba sihiri 9 na ba yaƙi 4, katanga ta tsira, amma mutumin da ya yi shekara ashirin yana kai sara uku a zagaye biyu ya koma mai sara ɗaya tak kamar sabon shiga. Idan na ba yaƙi 5 na ba sihiri 8, takobin ya tsira, katanga ta tafi. Mataki ɗaya rak ya rage, kuma ba ni da fuskar da zan roƙa, tun da an riga an ba ni uku fiye da kowa.

Na gwada kowace ɓarauniyar hanya. Sabuwar doka tana da wani reshe na mayaƙa masu ɗan taɓa sihiri, amma su sai a mataki na 19 suke kai wa daraja ta huɗu, ta biyar kuwa har abada. Na gwada haɗa reshen da matakai 8 na masihirci, sai lissafi ya ba ni wani abin dariya: kashi ɗaya cikin uku na matakan irin wannan mayaƙi ana ƙara shi a kan na sihiri wajen ƙirga yawan gurabun sihirin da mutum ke da su a yini, saboda haka 8 da 1 suka ba ni gurbi ɗaya na daraja ta biyar, amma dokar ta hana in koyi sihirin da zan zuba a cikinsa. Ga akushi, babu tuwo. Akwai kuma wani sihirin ɓacewa daga wuri a ɓulla a wani, wanda marigayin yake da shi a daraja ta biyar. Sabuwar doka ta ɗaga shi zuwa ta bakwai, wadda sai masihirci mai mataki na 13 ke kai mata, wato sai in zubar da takobin ɗungurungum. Wannan ban ko tsaya yi masa makoki ba. Haka kayan tsafinsa guda bakwai, da na ga sabuwar doka ba ta barin mutum ya ɗaura manyan irinsu fiye da uku a lokaci guda, na zaɓi uku na tura sauran cikin jaka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba rashi ba ne, ƙari ne. Juriyar tauraron 14 ce, lambar da ba ta ƙara komai a tsohuwar doka, amma a sabuwar tana ƙara maki biyu a kowane mataki, ga shi kuma an daina raba makin rai gida biyu. Da na buga lissafi sai 41 ta zama 92. Mutumin da ke laɓewa na uku a layi ya wayi gari ba shi da dalilin laɓewa. Na daɗe ina kallon wannan lamba, ina jin kamar na ɗauki hoton mamaci na yi masa ƙiba.

A lokacin nan babin da nake rubutawa a kan aron labari ne daga wani harshe zuwa wani, kuma Abubakar Imam ne a tsakiyarsa. Kowa ya san cewa da yawa daga labaran Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, daga littattafan Larabawa da na Turawa aka ɗebo su, amma Imam bai tsaya auna su jimla da jimla ba. Ya duba abin da labarin ke yi wa mai sauraro, ya nemi abin da zai yi wa Bahaushe irin wannan aikin. Na rubuta shafuka ina yabon wannan hanya, ina ɗan yi wa masu fassarar kalma da kalma dariya. To ga shi an ba ni aikin a hannu, na kasa. Dalili kuwa shi ne Imam bai san masu labaransa ba, ba kuma zai haɗu da 'yan'uwansu a kicin da safe ba. Ni kuwa duk lambar da na goge, hannun wani ne ya rubuta ta, kuma yayansa na ƙasa yana jiran ya ga abin da na yi.

Daga ƙarshe na daina tambayar takarda, na koma tambayar mutane, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na faɗa musu dalili ba. Na ce kowa ya gaya mini abin da ya fara zuwa masa a rai in an ambaci tauraron. Na tabbata katanga za su ce. Ma'aikaciyar jinya ta ce tana tuna shi tsaye a bayanta da takobi yana tsare ta tana ɗaure wa wani rauni. Direba ya ce yana tuna yadda kullum yake zuwa a makare ya kashe abin da shi ya riga ya gajiyar, ya kuma karɓe yabon. 'Yar madugu ta ce tana tuna ƙarar ɗan lidon kawunta sau biyu a jere. Katanga dare ɗaya ce, takobi kuwa kowace Alhamis. Madugu kaɗai ban tambaya ba, domin na san amsarsa, na kuma san ba zan bi ta ba.

Na ba yaƙi 5, na ba sihiri 8. Makin rai kuwa na roƙi alfarma a rage shi zuwa 66, wato abin da zai kasance in ba a ƙirga juriyar ba, abin da ya sa direba ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo kotu neman a rage masa gado ba. Da na miƙa wa madugu takardar, ya sa tabarau ya bi ta layi layi, ya kai wurin jerin sihiri ya tsaya. Ya ce, "Babu katanga." Na ce babu, sai ya hau mataki na 14. Bai ce komai ba, ya mayar mini da ita, muka fara wasa. Makonni biyu yana gaishe ni a matakala kamar yadda ake gaida ɗan haya.

A dare na uku, cikin labarin, muka buɗe wani akwati a gidan wani matacce, madugu ya ce a ciki akwai naɗaɗɗiyar takarda guda, an rubuta sihirin katanga a kanta. Dokar ta yarda masihirci ya karanta sihirin da ya fi ƙarfinsa daga irin wannan takarda, sau ɗaya tak, amma sai ya jefa ɗan lido: ga daraja ta biyar ana neman 15, basirar tauraron ta ba shi ƙarin 4, saboda haka daga 11 zuwa sama an ci, ƙasa da haka rubutun ya goge a banza. Rabi da rabi. Na rubuta ta a takardata, ban dubi madugu ba, shi ma bai dube ni ba.

A watan Nuwamba na 2015 kamfanin ya fitar da wani ƙarin littafi mai ɗauke da reshen masihirta na jinsin elf masu rawa da takobi, waɗanda ke samun sara biyu tun a mataki na 6. Da wannan, matakai 10 kacal sun isa a samu takobi da katanga gaba ɗaya. 'Yar madugu ta zo da shi tana murna, ni ma na ji kamar an sauke mini kaya. Sai muka karanta sharaɗin: rawar ba ta yiwuwa da garkuwa ko da matsakaicin sulke, sulken zobban nan kuwa a sabuwar doka matsakaici ne. Madugu ya rufe littafin ya ce ƙanensa ya yi shekara shida yana neman rigar nan, kuma ko a bikin aurensa bai yi rawa ba. Aka bar maganar.

Na riƙe naɗaɗɗiyar takardar shekara ɗaya da rabi ban taɓa ta ba. Alhamis ta ƙarshe kafin in dawo gida, a watan Yuli na 2016, madugu ya kai mu kan wata siririyar gada, rundunar maƙiya a gaba, rami a ƙasa, ma'aikaciyar jinya ta faɗi. Kowa ya san abin da ya shirya, shi ma ya san mun sani. Na ce Mai-taura-biyu ya warware takardar. Aka miƙo mini ɗan lidon marigayin, wani kore wanda lambobinsa suka fara gogewa, na jefa. Ya gangara ya bugi butar shayi ya tsaya a kan 7.

Kicin ɗin ya yi tsit. Can sai madugu ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce a daren katangar ma, abin da ba su taɓa gaya mini ba, sai da ƙanensa ya ɓata zagaye biyu yana laluben sihirin a takardarsa, wuta na cin direba, don ya zubar da shayi a kan shafin. Direba ya ce zagaye uku ne. Muka ƙarasa faɗan da takobi, aka ja ma'aikaciyar jinya zuwa ƙetaren gada da ƙafa, tauraron ya fita da makin rai 5.

Washegari na mayar da fayil ɗin, madugu ya yi mini hoton tsohuwar takardar, ya ce in riƙe tawa, za su kwafi wata. 'Yarsa ce ta karɓi tauraron bayana. A 2017 ta aiko mini da hoton takardarta a waya, an goge 8 an rubuta 9 a gefen sihiri. Da aka sake gyara ƙa'idojin bugu na biyar a 2024, madugu ya aiko mini da saƙo yana tambaya ko Dokta na da sarari ya sake duba musu lissafin. Na ce ya turo littafin, amma sai na gama duba takardun jarrabawa.